Gilashin Ido da Hawayen da ke Rayar da Shi

Gaisuwa ta musamman ga masu sauraronmu na ƙasar Tambuwal da ta Kebbe, mutanen Dogon Daji da Jabo da Sanyinna, da na Kuchi da Girkau da Margai. In kina gindin murhu ne, ki ɗan ja baya daga hayaƙin nan, ki jawo rediyo kusa, domin shi ma hayaƙin yana cikin maganarmu ta yau.

Bari in fara da labarin goggona, Allah ya jiƙanta. Lokacin da nake ƙarama, duk hutun makaranta akan kai mu ƙauye wurinta. Tana da wata 'yar matsefata da ta ɗaure da zare ta rataya a wuya, ba ta rabuwa da ita. Da hantsi ya yi sai ta fito ƙofar ɗaki inda haske yake, ta kira ni ta ce, "Ke ɗiyata, taho ki cire mani gashin ga, ya hana ni kwana." Sai in durƙusa in riƙa tsige mata gashin ido ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba mata. Bayan 'yan makonni gashin ya sake tsirowa, ya fi na da kaifi. A hankali baƙin idonta ya yi fari-fari kamar an shafa masa toka, har ta kai sai an ja mata sanda. Duk gidan muka ce tsufa ne. Sai da na girma, aiki ya haɗa ni da ma'aikatan asibitin ido, sannan na gane ba tsufa ya makantar da Goggo ba. Gashin nan ne ya yi ta kankare mata gilashin ido, kuma aikin da bai kai rabin awa ba zai iya tsayar da abin. Shi ya sa yau nake son mu san wannan gilashi, mu san ruwan da yake rayuwa da shi.

Idan kin sami sarari, ki ɗauki madubi ki tsaya a bakin ƙofa, ko ki dubi idon ɗanki ta gefe. Za ki ga cewa abin da muke kira baƙin ido ba shi ne a waje ba. A samansa akwai wani abu garai-garai, mai ɗan tudu, kamar gilashin agogon hannu. Likitoci suna ce masa koniya, mu kuwa a nan bari mu kira shi gilashin ido. Faɗinsa milimita 11 zuwa 12 ne, wato kusan faɗin farcen ƙaramin yatsanki. Kaurinsa a tsakiya kimanin rabin milimita ne, bai fi ɓawon ƙwan kaza da wani abin kirki ba. Duk hasken da zai shiga ido ta nan yake bi. Kuma shi ne yake tanƙwara hasken ya tattara shi, har kusan kashi biyu cikin uku na wannan aiki shi ke yin sa. Ragowar kashi ɗayan, wani ɗan ƙaramin madubi ne da ke can ciki bayan baƙin ido yake ƙarasawa.

A nan ne ya kamata mu bambanta yana da hakiya, domin da yawanmu muna haɗa su. Yana a wancan madubi na ciki take fitowa, galibi da tsufa, kuma a asibiti ana cire ta a sa madubin roba, mutum ya koma gani. Hakiya kuwa tabo ce a kan gilashin waje, kuma gyaranta ba abu ne mai sauƙi ba.

Abin mamaki game da gilashin nan shi ne, babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa. Da akwai, da ya yi duhu, haske bai wuce ba. To, da me yake rayuwa? Iskar da yake buƙata, daga sarari yake samu kai tsaye: tana narkewa cikin hawayen da ke kwance a kansa, shi kuma ya sha. Abincinsa kuwa yana zuwa ne daga wani ruwa garai da ke bayansa a cikin ido.

Masana sun ce hawa biyar gare shi, amma uku za mu riƙe. Hawa na sama wata 'yar fata ce mai sabunta kanta kusan duk mako guda. Idan ƙarzuwa ta tsaya a nan, cikin kwana ɗaya zuwa uku ta warke ba tabo. Hawa na tsakiya shi ne kashi tara cikin goma na kaurin gilashin, zarurruka ne sirara da aka jera su daidai wa daida kamar saƙar tabarmar gwani. Wannan jeri shi ne sirrin haskensa. Idan gyambo ya ci ya kai nan, jiki zai ɗinke wurin, amma ɗinkin barkatai zai yi, sai wurin ya zama fari. Hakiya ke nan. Hawa na can ciki kuwa aikinsa kwalfe ruwa daga gilashin dare da rana, kamar mai kwalfe ruwa a kwalekwale, don kada ya kumbura ya yi hazo. Sannan gilashin cike yake da jijiyoyin jin zafi, kusan babu inda ya kai shi a duk jiki. Shi ya sa ɗan tsinken da ko gani ba a yi sai ya hana ki sukuni. Wannan zafin ƙararrawa ce, ido ne yake neman ɗauki.

Yanzu sai hawaye. Mu mun ɗauka sai ana kuka ko ana yanka albasa hawaye ke zuwa. A'a, ko yanzu da kike saurare na akwai shimfiɗar hawaye a idonki, siririya ƙwarai, ba ta kai kaurin gashin kai ba. Abu uku ne suka haɗu suka yi ta. A ƙasa akwai yauƙi, irin na kuɓewa, wanda fatar da ta lulluɓe farin ido take fitarwa. Shi ke sa ruwa ya manne da gilashin. A tsakiya akwai ruwan kansa, mai ɗan gishiri, yana fitowa daga wata 'yar tsoka da ba ta fi ƙwallon dabino ba, tana ƙarƙashin ƙashin gira ta wajen gefen kunne. A sama kuma akwai mai, kamar yadda man shanu ke kwanciya a saman miya. Man nan yana fitowa ne daga wasu ƙananan ƙofofi da ke jere a bakin fatar ido, daidai bayan gashin ido, sama da ƙasa, guda 20 zuwa 40 a kowace fata. Shi ke hana ruwan saurin bushewa.

Duk minti ɗaya mukan ƙifta ido sau 15 zuwa 20. Kowace ƙiftawa shara ce da yayyafi: fatar ido ta share ƙura, ta shimfiɗa sabon hawaye. Tsohon kuma ya gangara ta wasu 'yan ramuka biyu a lungun ido na wajen hanci, ya sauka cikin hanci. Shi ya sa mai kuka ke jan majina, shi ya sa in an ɗiga miki maganin ido kike jin ɗaci a maƙogwaro.

Hawaye kuma magani ne. A shekarar 1922 wani masani na ƙasar Birtaniya, Alexander Fleming, wanda daga baya ya gano fenisilin a 1928, ya nuna cewa a cikin majina da hawaye akwai wani sinadari mai fasa ƙwayoyin cuta. Ashe kowace ido da ɗan kantin maganinta take yawo. To ki riƙe wannan, domin ita ce zuciyar maganarmu: gilashin ido ba shi da jini, da hawaye da fatar ido yake tsira. Duk abin da ya busar da hawaye, ko ya ɓata fatar ido, ko ya ƙarje gilashin, ganinki yake yi wa barazana.

Mu fara da bushewa. Lokacin hunturu, ga iska ga ƙura ga hayaƙin ɗanyen icce, mata da yawa kan ce suna jin kamar an zuba musu yashi a ido, ga raɗaɗi, ga hawaye na zuba. Wata za ta ce, yaya za a ce idona ya bushe alhali ruwa yake yi? Abin da ke faruwa shi ne, idan mai ya yi ƙaranci ruwan kan bushe da wuri, ido ya ji zafi, sai ya kwararo da ruwa tsalla wanda ba ya zama. Abin ya fi damun matan da suka manyanta, musamman bayan ɗaukewar al'ada. Haka masu ƙura wa waya ido, domin mai kallon waya kan manta da ƙiftawa. Ki yi girki inda iska ke wucewa, da busasshen icce, kada ki kifa kai cikin murhu kina hura wuta da baki, ga mafici nan. Da dare ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwa mai ɗumi, ki ɗora a idonki a rufe kamar minti biyar, zai narkar da man da ya daskare a ƙofofin nan. Kwalli ma a yi hattara. In ana cusa shi can cikin bakin fata, daidai kan ƙofofin mai yake zama. Tsinken kwalli ɗaya ga duk gida kuwa jakadan ciwon ido ne. Sannan kwallin dutse sau da yawa akwai dalma a cikinsa, dalma kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro, don haka a ɗaga wa jarirai ƙafa.

Na biyu, rauni. Da kaka ta yi, mu ne a sussuka, mu ne a shiƙa. Ƙaiƙayin gero ya faɗa ido, ko ganyen karan dawa ya shafce shi. Abu na farko, kada ki murza. Ki wanke hannu, ki yi ta zuba ruwa mai tsabta kina ƙiftawa. Kada a sa harshe, kada a sa tsinke ko bakin zane a ce za a zaƙulo. Raunin da tsiro ya yi ya fi hatsari, domin yakan shigar da irin cutar nan mai kama da fumfuna, wadda ke cin gilashin a hankali. In gari ya waye ido bai huce ba, maganar asibiti ce.

Masu sana'ar sabulu, ku matso kusa. Soda, da ruwan toka mai ƙarfi, da farar ƙasa ko siminti, in suka fantsama a ido suna ratsa gilashin cikin 'yan mintoci. A nan ba a jiran kowa. A kwantar da mutum a buɗe idon da yatsu, a yi ta kwarara ruwa da buta babu tsayawa, minti 20 zuwa 30, sannan a kama hanyar asibiti. Ruwan da kika zuba a gida ya fi duk abin da likita zai yi daga baya muhimmanci. Kuma a ɗaga soda sama inda hannun yara ba ya kaiwa.

Na uku, ciwon Goggo, wato amodari. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, tana zaune cikin kwantsa da majinar ƙananan yara. Hannu na ɗaukar ta, ƙuda na ɗaukar ta, haka gefen zanen da uwa ta share fuskar wannan yaro ta share ta wancan, ta koma ta share tata. In ciwon ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru, sai cikin fatar ido ya yi tabo, tabon ya janyo fatar ciki, gashin ido ya juya yana gugar gilashi da kowace ƙiftawa. Ki lissafa, sau 15 a minti, daga asuba har dare. Mata sun fi maza kamuwa da wannan, ba don komai ba sai don mu ne ke tare da yara. Tsige gashi sauƙi ne na 'yan kwanaki. Maganin gaskiya ƙaramin aiki ne da ake yi wa fatar ido, ba a taɓa ƙwayar idon, allurar kashe zafi ake yi a wurin, a juyo da fatar waje, mutum ya kwana a gidansa. Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato da ƙungiyar Sightsavers sun daɗe suna wannan aiki tare a jihar nan, kuma an sha bin garuruwa ana raba maganin azitiromaisin saboda shi. A shekarar 1998 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya yanke shawarar kawar da makantar amodari. Gana ta cimma haka a 2018, Mali da Jamhuriyar Benin a 2023. Maƙwabtanmu ne, ba wasu can ba. Rabonmu a cikin aikin kuwa a tsakar gida yake. Mu manya muna wanke fuska wajen alwala sau biyar, amma ɗan shekara uku wa ke wanke masa? A wanke fuskar yaro da ruwa da sabulu safe da yamma, kada a bar kwantsa da majina suna tara ƙuda. A kwashe kashin yara a zuba a masai a rufe, domin ƙudan da ke bin ido a kashin da aka bari a fili yake hayayyafa.

Na huɗu, abinci da ƙyanda. Yauƙin nan da na ce yana manne hawaye da gilashi, ba ya samuwa sai da sinadarin bitamin A. In yaro ya rasa shi, alamar farko ita ce dundumi: da magariba ta yi sai ya riƙa karo da turmi, yana lalube. In abin ya ci gaba farin idonsa ya bushe ya yi yamutsa, daga nan gilashin ya yi laushi ya narke, wani lokaci cikin 'yan kwanaki. Ƙyanda, wato baƙon dauro, tana ƙarar da ɗan bitamin ɗin da ke jikin yaro, shi ya sa kike ganin yaro ya tashi daga ƙyanda da hakiya. In mai ƙyanda ya runtse ido ya ƙi buɗewa, kada a ce a bar shi a ɗaki sai ƙuraje sun gama fitowa, a kai shi a duba. Allurar rigakafin ƙyanda a wata 9 ake yi, ta biyu a wata 15. Ɗigon bitamin A kuma ana ba yara daga wata 6 zuwa shekara 5, sau biyu a shekara. Sauran kuwa yana cikin tukunyarki: zogale, alayyafo, rama, kabewa, karas, manja, ƙwai, hanta, madara, mangwaro da gwanda. A sa ɗan mai a miyar ganye, domin da mai jiki yake tsotse wannan bitamin.

Yanzu ga maganar da ta fi min ciwo, wato abin da muke zubawa a ido da hannunmu. Ruwan sukari, nonon uwa, ruwan ganye, ruwan albasa, fitsari, har ruwan batir an ji. 'Yar'uwa, kin ji dai kaurin gilashin nan. Idon da ya yi ja saboda Apolo galibi da kansa yake warkewa cikin mako ɗaya ko biyu, amma abin da aka zuba masa kan bar shi da hakiyar har abada. Haka maganin ɗigawa da ake aiken yaro ya sayo a kemis ba tare da an duba ido ba. Akwai masu sinadarin deksametason ko betametason, suna kwantar da ja nan da nan har ki ce an dace, alhali in akwai gyambo a gilashin, taki suke zuba masa. Ragowar maganin kishiya ko na maƙwabciya ba naki ba ne.

Ga alamomin da ba a kwana da su. Ido ya yi ja tare da zafi mai tsanani. Ba a iya kallon haske. Gani ya ragu. Wani farin ɗigo ya fito a kan baƙin ido. Ko jaririn da bai cika wata ɗaya ba idonsa ya kumbura yana zubar da mugunya. Ko ɗaya kika gani, ranar za a tafi. Akwai babban asibiti a Tambuwal, akwai a Kebbe, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru a Sakkwato. Gaskiya ne ana dashen gilashin ido, tun 1905 wani likita mai suna Eduard Zirm ya fara yin nasara a Turai. Amma sai an sami gilashin wani mamaci da ya yi kyautarsa, kuma a ƙasar nan samunsa da wuya, ga tsada. Don haka wanda ke idonki shi ne jarinki.

Na san halin da muke ciki. Ba fita muke yi ba, kuma sau da yawa mace kan ji nauyin ta ce a kai ta asibiti a kan ido, sai ta ɗaura ƙyalle ta ce ciwon ido sai haƙuri. Haƙuri na da wurinsa, amma gyambon gilashi kwana yake ƙirgawa. Kada ki jira ranar da abin zai faru. Yau da dare in maigida ya ci ya ƙoshi, ki ce, "Malam, yau na ji wata magana a rediyo," ki zayyana masa alamomin nan biyar. Ki roƙe shi tun yanzu, in ya yi tafiya ko yana fadama, wa zai raka ki, kuma ina za a sami kuɗin mota. Ku kuma iyayengiji da ke saurare ta zaure, mun san kuna ji, Allah ya ƙara girma. Kuɗin mota zuwa Tambuwal ko Kebbe bai kai wahalar jan sandar uwar 'ya'yanku ba. Iyayenmu surukai, in an zo neman shawararku, don Allah ku ce a tafi.

Aikin gida na wannan mako guda biyu ne. Ki dubi fuskar kowane yaro a gidanki da safe kafin ya fita wasa. Sannan ki dubi idon tsofaffin gidan a haske. In kin ga gashi ko ɗaya yana taɓa baƙin ido, ko kin ga wata da matsefata a wuya irin ta Goggo, ki gaya mata akwai gyara, ki tsaya sai an kai ta. Kunne ya ji, jiki ya tsira.

A nan za mu dakata, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A gaida yara, a gaida maigida. Ku huta lafiya.